Wa Ya Garƙame Gidajen Wasan Kwaikwayo na Landan a 1642, Kuma Don Me?

Ummi:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masu karatun adabin Turanci a cikinmu. A ranar 2 ga Satumba 1642 Majalisar Dokokin Ingila ta ba da umarni a rufe gidajen wasan kwaikwayo na Landan, kuma ba a sake buɗe su a hukumance ba sai 1660. Shakespeare ya mutu a 1616, ke nan shekara 26 kacal bayansa aka sa wa sana'arsa kwaɗo, a ƙasar da yau take tinƙaho da shi. Malaman addini ne suka sa, ko me?

Sadiƙu:
Wa alaikumus salam. Su ne mana, kuma ni ban ga laifinsu ba. Ki dubi inda gidajen suke tukuna. Globe, wanda aka gina a 1599, yana Southwark ne, ƙetaren kogin Thames, unguwar mashaya da gidajen karuwai da filin da ake ɗaure dabbar beyar a sakar mata karnuka mutane suna ihu. Wasan kuma da rana tsaka ake yi, wajen ƙarfe biyu, lokacin da ya kamata yaron shago yana gaban maigidansa. Kwabo ɗaya ya ishe shi ya shiga ya tsaya cikin cunkoso. Mata ba sa hawa dandali, sai a ɗauko yaro namiji a sa masa kayan mata, a yi masa kwalliya, ƙato ya tsaya yana yi masa kalaman soyayya a gaban dubban mutane. Wane malami ne zai ga wannan ya yi shiru?

Ishaya:
Ɗan'uwa Sadiƙu, ayar da suka fi kafa hujja da ita kan wannan ita ce Maimaitawar Shari'a 22:5, wadda ta hana namiji sa tufafin mace, mace kuma ta sa na namiji. Amma in ka ce "malaman addini" ka haɗa mutanen da ba sa ga maciji da juna. Waɗanda ake kira 'yan Furitan su ne suka fi zafi, masu ganin cewa cocin Ingila bai gama wanke kansa daga al'adun Katolika ba. Bishop-bishop na cocin gwamnati kuwa da yawansu ba ruwansu da wasa. Ita kanta unguwar da ka ambata, babban yankinta a ƙarƙashin ikon bishop na Winchester yake, har mutanen Landan suna yi wa karuwan wurin laƙabi da agwagin Winchester.

Hajiya Rabi:
Kai jama'a! Bishop da kansa?

Ishaya:
Filin kujerarsa ne, Hajiya, tun ɗaruruwan shekaru kafin a gina gidan wasa ko ɗaya a can. 'Yan Furitan ba su taɓa mantawa da wannan ba in suna zagin bishop-bishop.

Malam Habu:
Ummi, fara da takardar umarnin kanta. Kwana goma sha ɗaya kafin a fitar da ita, ranar 22 ga Agusta, Sarki Charles na Ɗaya ya kafa tutar yaƙi a Nottingham. Yaƙin basasa ya tashi tsakaninsa da Majalisa, ga kuma jini yana zuba a Ayalan. Abin da takardar ta ce shi ne shagali bai dace da lokacin musiba ba, lokaci ne na azumi da addu'a, don haka a dakatar da wasa muddin ana cikin wannan hali. Ta ɗan yi suka cewa wasannin sun cika batsa da shashanci, amma dai dakatarwa ce. Kuma rufe gidajen wasa ba sabon abu ba ne gare su, an rufe su kusan shekara biyu daga 1592 saboda annoba, an sake rufewa a 1603.

Sannan ki tambaya, 'yan wasan nan yaran wa ne? Tun dokar 1572, ɗan wasan da ba shi da ubangida cikin manyan ƙasa ɗan iskan gari ne a idon shari'a, ana iya yi masa bulala. Shi ya sa kowace ƙungiya take laɓe a bayan wani babba. Ƙungiyar su Shakespeare ta koma hannun Sarki James da kansa a 1603, ana kiransu Mutanen Sarki, ana ba su jan yadi na barorin fada. To Majalisar da ke yaƙi da sarki za ta bar barorinsa suna tara mutum dubu biyu ko uku kowace rana a cikin birnin da take riƙe da shi?

Doka mai tsanani sai a Fabrairu 1648 ta zo: a rushe kujeru da dandali, ɗan wasan da aka kama a yi masa bulala a bainar jama'a, ɗan kallo kuma ya biya tarar sule biyar.

Sadiƙu:
Allah ya gafarta Malam, kuna so ku mai da abin siyasa zalla. Amma ai tun kafin a haifi wannan sarkin ake wa'azi a kai. Stephen Gosson ya yi rubutu a 1579, kuma shi tsohon marubucin wasa ne da ya tuba, ya san cikin gidan. Philip Stubbes ya biyo baya a 1583. A Janairun wannan shekarar ma rumfar 'yan kallo ta rufta a filin wasan beyar na Paris Garden ranar Lahadi, mutane suka mutu, masu wa'azi suka ce ga hukuncin Allah nan kan masu keta ranar ibada. Shekara sittin suna faɗa kafin su sami iko. Da suka samu suka aikata abin da suke faɗa. Ina siyasa a nan?

Malam Habu:
Ban ce babu aƙida ba, Sadiƙu. Cewa na yi shekara sittin ɗin nan aƙida ita kaɗai ba ta rufe ƙofa ko ɗaya ba. Magajin garin Landan da manyan 'yan kasuwa sun sha kai koke a rufe, su kuma damuwarsu yaran shago da tarzoma da annoba, amma majalisar sarauniya ta riƙa cewa a bar 'yan wasa su gwada hannu domin su nishaɗantar da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya lokacin Kirsimeti.

Kuma akwai abin da ya fi wannan. Wasan kwaikwayo a Ingila ɗan cikin gidan addini ne. A York, ranar idin Corpus Christi, ƙungiyoyin masu sana'a ne suke nuna labarin duniya tun daga halitta har tashin alƙiyama, gunduwa-gunduwa kusan hamsin, kowace a kan amalanke da ake ja daga wannan tsayawa zuwa waccan tun asuba. Kowace sana'a da rabonta. Maƙeran jirgin ruwa su ne suke gina jirgin Annabi Nuhu. Maƙeran zinariya su ne sarakunan gabas masu kawo kyauta. Masu gasa burodi su ke da jibin ƙarshe. Masu yin ƙusa da fil kuwa su aka ba wa gicciye, ana ganin sojoji suna gunaguni cewa ramukan da aka huda a katako ba su yi daidai da hannu ba, sai an ja da igiya. A Chester masu ɗebo ruwa daga kogin Dee su ne suke yin ruwan Ɗufana. Talaka da bai iya karatu ba, bai kuma jin Latin ɗin da ake ibada da shi, a nan yake ganin addininsa da ido.

Wa ya kashe wannan? Ba Majalisar 1642 ba. An yi na ƙarshe a York a 1569, a Chester a 1575, a Coventry a 1579, duk a zamanin Elizabeth, kuma hukumomin cocinta ne suka matsa, saboda suna jin ƙanshin Katolika a ciki. Tun 1559 ta riga ta yi shela cewa kada a taɓa zancen addini ko na mulki a wasa. A 1576 kuma James Burbage ya gina gidan wasa na kuɗi a Shoreditch. Aka kori labarin annabawa daga titi, sai dandalin kuɗi ya cika da sarakunan da, da Rumawa, da soyayya, da ramuwar gayya. Masu wa'azi kuma suka dawo suna kukan cewa babu tsoron Allah a wasa.

Ishaya:
Malam ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A tuna irin juyin da mutum ɗaya zai iya gani a rayuwarsa. Henry na Takwas ya raba gari da Fafaroma a 1534, ya rushe gidajen sufaye ya kwashe dukiyarsu. An shaƙe William Tyndale aka ƙone gawarsa a 1536 kusa da Brussels, mutumin da ya fassara Sabon Alkawari zuwa Turanci, amma a 1539 ga Littafi Mai Tsarki na Turanci an ajiye a coci-coci da izinin sarki, kuma yawancin aikin Tyndale ne a ciki. Zamanin Edward aka farfasa siffofi aka shafe zanen bango da farar ƙasa. Mary ta dawo da Katolika ta ƙone mutum kusan 280, har da Akbishop Cranmer a Oxford a 1556. Elizabeth ta sake juyawa, wanda bai je coci ranar Lahadi ba tarar sule ɗaya, a 1581 aka mai da ita fam 20 a wata. A irin wannan ƙasa kowace gwamnati tana tsoron duk wurin da mutum ɗaya yake magana dubu suna saurare, mumbari ne ko dandali. Su kansu masu sauyin da farko sun yi amfani da wasa, John Bale ya rubuta wasannin zagin Fafaroma a ƙarƙashin inuwar Thomas Cromwell, wazirin Henry na Takwas.

Ummi:
Ke nan akwai mai tace wasanni tun kafin 1642?

Malam Habu:
Ƙwarai. Wani jami'in fada ne, Edmund Tilney ya daɗe a kujerar, daga 1581 aka ba shi ikon duba kowane wasa kafin a nuna, kuma biyansa ake yi ya duba. An ɗaure Ben Jonson a 1597 saboda wani wasa. A Fabrairu 1601 magoya bayan Essex, wani babban bafade da ya ɓata da sarauniya, suka ƙara wa su Shakespeare sule 40 don su nuna wasan tuɓe Sarki Richard na Biyu, washegari suka yi yunƙurin tawaye, sai da aka kira ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar ya yi bayani. A 1606, 'yan watanni bayan an bankaɗo shirin tarwatsa Majalisa da albarushi, aka kafa tarar fam 10 ga duk wanda ya ambaci sunan Allah ko Almasihu da wasa a kan dandali.

Bashir:
Wallahi kamar ana ba da labarin Hukumar Tace Finafinai ta Kano da 'yan fim.

Hajiya Rabi:
Bashir, kada ka ja mu can, in aka fara wannan ba za a koma Ingila ba sai gobe. Ni Malam, ina so in ji labarin mutumin nan da aka yanke wa kunne. Na taɓa jin cewa don ya zagi 'yan wasa ne.

Malam Habu:
William Prynne, Hajiya. Lauya ne, ɗan Furitan na gaske. Ya kwashe shekaru yana tara hujjoji daga Littafi Mai Tsarki da maganganun magabatan coci, ya fitar da littafi mai shafi sama da dubu kan haramcin wasa da rawa. A jerin batutuwan ƙarshen littafin ya rubuta cewa mata 'yan wasa sanannun karuwai ne. Tsautsayi kuwa, a daidai lokacin, farkon 1633, Sarauniya Henrietta Maria, Bafaransa kuma 'yar Katolika, ta fito da kanta a wani wasa a fada tare da matan gidanta. A 1634 kotun Star Chamber ta ci shi tarar fam 5,000, ta kore shi daga aikin lauya, Oxford ta ƙwace digirinsa, aka yi masa ɗaurin rai da rai. Aka sa wuyansa da hannuwansa a turu a bainar jama'a, aka yanke kunne ɗaya a Westminster, ɗaya a Cheapside, ana ƙona littattafansa a gabansa har hayaƙi ya kusa shaƙe shi. Bai daina rubutu ba daga kurkuku. A 1637 aka sake fito da shi, aka ƙarasa guntun kunnen da ya rage, aka ɗora masa ƙarfe mai wuta a kumatu da haruffan S da L, wato mai ƙazafin tada fitina.

A 1640 Majalisa ta sake shi, jama'a suka yi dafifi suna tarbarsa a hanyar shiga Landan. Shi ne kuma ya tattara tuhumar da ta kai Akbishop Laud ga gatari a Janairu 1645.

Sadiƙu:
To kun gani. Kullum ana nuna mana 'yan Furitan a matsayin azzalumai masu hana mutane dariya, ga shi su aka fara yanka wa kunne saboda ɗan wasa.

Ishaya:
Saboda sarauniya dai. Da ɗan wasa kawai ya zaga, da ya mutu da kunnuwansa biyu. Amma gaskiya an tsokane su. Sarki James ya fitar da shela a 1618 cewa bayan ibada ranar Lahadi mutane su yi rawa da harbin baka da tsalle-tsalle, Charles ya sabunta ta a 1633 ya ce kowane limami ya karanta daga mumbari, wanda ya ƙi a dakatar da shi. Da dama ta zo hannunsu su ma ba su tsaya a wasa ba. A 1647 suka soke bikin Kirsimeti da Ista, suka ce babu su a Nassi, a buɗe shaguna ranar 25 ga Disamba. A Canterbury wannan ya jawo tarzoma.

Mamman na Damagaram:
Salamu alaikum, na shigo a makare. Ni abin da ya ja hankalina shi ne yadda Musulmi suke fitowa a dandalin nan. Bayan Fafaroma ya kori Elizabeth daga coci a 1570, ta nemi abokai a Istambul da Maroko. A 1600 jakadan Sarki Ahmad al-Mansur ya zauna a Landan kusan wata shida, hotonsa da rawani da takobi yana nan har yau. Al-Mansur ɗin nan shi ne ya tura sojojin da suka karya Songhai a Tondibi a 1591, a hannunsa aka kai Ahmad Baba na Tumbutu Marrakesh. A wannan shekara ta 1600 aka fassara littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, zuwa Turanci, a ciki akwai Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka Othello ya hau dandali. To wannan mai tacewar da ke hana taɓa addini, ya hana taɓa namu?

Malam Habu:
Bai hana ba, Malam Mamman. Addinin da doka ta kare shi ne na gwamnati. Bayahude da Baturke da Fafaroma kowa yana iya yi da su. A kashi na biyu na wasan Tamburlaine, marubucinsa Marlowe ya sa jarumin ya ba da umarnin ƙona Alƙur'ani a kan dandali, ko da yake ba a jima ba ciwo ya kama shi ya mutu, har yau masana suna jayayya ko marubucin ya nufi hakan a matsayin sakayya. A 1624 wasan Middleton na zagin Sifen da limaman Katolika ya yi kwana tara a jere a Globe, sai da jakadan Sifen ya kai kuka ga sarki aka tsayar. Fassarar Alƙur'ani ta farko zuwa Turanci kuwa a 1649 ta fito, shekarar da aka sare kan Charles, daga fassarar Faransanci aka juyo ta, an kai ƙorafi Majalisa, daga baya ta fito da dogon gargaɗi ga mai karatu.

Sadiƙu:
Bari in koma kan maganata. An rufe, to me adabin ya rasa? Milton daga ɓangaren Majalisa yake, ya yi wa gwamnatin Oliver Cromwell, jagoran ɓangaren Majalisa da ya mulki ƙasar bayan kashe sarki, aikin rubuta wasiƙun Latin, ya makance, ya shifta waƙarsa ta fitar Adamu daga Aljanna da ka, aka buga a 1667. Bunyan mai gyaran tukwane ne da wa'azi. Waɗannan biyun sun fi duk tarkacen da ake nunawa a shekarun 1630.

Malam Habu:
Kan Milton da Bunyan ba ni da ja. Sai dai Milton ba zai tsaya maka shaida ba. Waƙarsa ta farko da aka buga yabon Shakespeare ce, a 1632. A 1634, shekarar da aka yanke kunnen Prynne, ya rubuta wasan da aka nuna a fadar Ludlow, yarinya 'yar gidan ce ma ta fito a ciki. A 1644 kuma ya rubuta wa Majalisa doguwar takarda yana yaƙi da dokar neman izini kafin buga littafi.

Ishaya:
Amma ya cire 'yan Katolika daga wannan 'yancin, Malam, ƙiri-ƙiri. Kuma a 1651 shi da kansa yake sa hannu kan izinin buga jaridar gwamnati.

Malam Habu:
Haka ne, kuma ba na kare shi a nan.

Ummi:
To su 'yan wasan, me suka ci a shekara goma sha takwas?

Malam Habu:
Wasu sun shiga rundunar sarki, wasu sun tsallaka Turai, wasu suka ci gaba a ɓoye, a gidajen manya da gidan wasa na Red Bull, suna ba da cin hanci a kau da kai. A farkon Janairu 1649 sojoji suka kai samame ana tsakiyar wasa, suka tasa 'yan wasa a gaba da kayan sarauta a jikinsu. Masu buga littattafai kuwa kasuwa ta buɗe musu, abin da ba a iya kallo sai aka koma karantawa, a 1647 aka buga babban kundin wasannin Beaumont da Fletcher. A 1656, Cromwell yana kan mulki, William Davenant ya nuna labarin yadda Sarki Sulaiman na Usmaniyya ya kewaye tsibirin Rhodes, ya ce ai wannan kiɗa da waƙa ne, ba wasa ba, aka ƙyale shi. Mace ce ma ta rera ɗaya daga cikin manyan muryoyin.

Hajiya Rabi:
Ashe a hannun masu hanawar mace ta fara hawa. Sadiƙu, ina kake?

Sadiƙu:
Ina nan, Hajiya. A gidan mutum aka yi, ba a dandalin kowa da kowa ba. Ku dai dubi abin da ya biyo bayan 1660. Charles na Biyu ya dawo, ya ba mutum biyu kaɗai izini, Killigrew da Davenant, mata suka hau dandali, aka shiga wasannin da ba komai cikinsu sai cin amanar aure, shi kansa sarkin ya ɗauki 'yar wasa Nell Gwyn ta zama farkarsa. A daidai lokacin an jefa Bunyan kurkukun Bedford shekara goma sha biyu don ya yi wa'azi ba izini, a 1662 kuma aka kori limamai wajen 2,000 daga coci. Wannan ne 'yancin?

Malam Habu:
Wa ya kira shi 'yanci? Gidan wasa biyu a duk Landan, da takardar sarki. Kafin 1642 sun fi haka yawa, bayan 1660 kuma kwabo ɗaya ba ya ƙara shigar da kowa, sabbin gidajen rufaffu ne, mafi arahar wuri sule guda. Shi Prynne ɗin naka kuwa yana cikin waɗanda suka yi ƙoƙarin dawo da sarki, aka saka masa da muƙamin mai kula da takardun gwamnati a Hasumiyar Landan.

Ummi:
Malam, tacewar fa, yaushe aka daina?

Malam Habu:
An ƙara ɗaure ta a 1737 aka damƙa wa Lord Chamberlain, jami'in fada, kuma ba a soke ba sai 1968. Kusan har zuwa lokacin ofishinsa ba ya yarda a nuna Almasihu a dandalin kuɗi.

Sadiƙu:
1968? To ku daina ɗora wa 'yan Furitan su kaɗai.

Ishaya:
Kai ka fara ɗora musu, ɗan'uwa, koma sama ka karanta amsarka ta farko.